Ƙwayar Magariba

Tudun Wada, Zariya
8 ga Yuli, 2024

Yaya Ashraf,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan kai da Anti Bahijja da yara kuna lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta zauna, ɗakin tsakiya ya fara yoyon da ya saba.

Kada ka yi mamakin ganin hoton takarda maimakon kira. Ka san gidanmu, in na ɗaga waya a ɗakina Baba yana ji daga zaure, ga shi lokacin da nake tasowa daga makaranta ku a Malesiya kuna shirin kwanciya. Shi ya sa na koma wa biro, in rubuta, in ɗauki hoto, in turo.

Mun je cibiyar binciken nan da ka ce ana neman masu ciwon karkarwa. Mu uku muka tafi, ni da Baba da Baba Nagoda, don ka san Baba ba ya taka ko'ina ba tare da aminin nan nasa ba, balle ciwonsu iri ɗaya ne. A hanya Baba Nagoda ya yi ta tsokanar mai keken da ya ɗauko mu, wai ya rage gudu, karkarwar da su biyu suke yi kaɗai ta isa ta kwance masa notocin keken. Tsohon direba dai ba ya barin halinsa.

Likitar da ke riƙe da aikin sunanta Dakta Agatha. 'Yar kudu ce, amma a Sabon Gari ta tashi, Hausarta ta fi tawa gishiri. An ɗebi jininsu, an sa su tafiya su dawo, an sa su zana da'ira a takarda. Da Baba ya ga abin da hannunsa ya zana sai ya kawar da kai. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zana aska a wuyan manyan riguna, yau da'ira ta gagare shi. Kuka ya zo mini, na danne.

Bayan mako aka kira mu. An ɗauki Baba. Baba Nagoda kuma an ce a'a, ƙodarsa ta yi rauni, shi kuwa maganin ta ƙoda yake fita daga jiki. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ciwo ma sai an ci jarrabawa." Amma da muka dawo gida, kwana uku bai fito ciyayya ba.

Kana tuna ciyayyar zaurenmu, da kowane gida ke fito da kwanonsa bayan Magariba, dattawan layi su haɗu su ci tare? Duk sun ƙare, saura su biyu. Kwanakin nan da Baba Nagoda bai fito ba Baba ma bai taɓa tuwonsa ba, sai da na je da kaina gidan Baba Nagoda na roƙo shi wajen matarsa Inna Ishatu.

Baba ya fara shan ƙwayar, ɗaya da safe ɗaya da Magariba. Sunan da ya sa mata maganin Ashraf. Don Allah ka faɗa mini gaskiya, kai da kake karatun haɗa magunguna: warkewa zai yi?

Baba yana sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Naja'atu

Penang, Malesiya
14 ga Yuli, 2024

Naja'atu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta har sau biyu. Duk muna lafiya, Bahijja tana gaishe ki. Ki durƙusa ki gaishe mini da Baffa, ki ce ɗansa yana tambayar jiki. Ki gaishe da Baba Nagoda, ki ce masa har yau ban manta da rake da yake kawo mana daga hanya ba.

Kin ce in faɗa miki gaskiya, to ga ta. Abin da Baffa yake sha bai zama magani ba tukuna. Gwaji ne, kuma a matakin farko-farko. Cutar nan, wadda likitoci ke kira Parkinson, tana cinye wasu ƙwayoyi ne a cikin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Magungunan da ake da su suna rage karkarwa amma ba sa tsayar da ɓarnar. Wannan sabon ana fatan ya rage mata gudu. Fata ne kawai. Da yawa daga irinsa a nan matakin suke tsayawa, ba a ƙara jin labarinsu.

Abin da ake nema yanzu ba ko yana warkarwa ba ne. Ana so a san ko jiki zai ɗauke shi, da yawan da ke zama a jini. Shi ya sa aka fara da mutane kaɗan da awo kaɗan. In su Baffa suka ɗauka lafiya, rukunin da ke biye za a ƙara musu. Kin ga ke nan jinin Baffa shi ne ma'aunin da za a auna wa wasu mutane da ba mu sani ba. Wasu kuma a cikinsu ƙwayar da ake ba su babu magani a cikinta, don a kwatanta, kuma ko Dakta Agatha ba ta san wa ke shan wacce ba.

Na ji zafin abin da ya sami Baba Nagoda, amma gata aka yi masa. In ƙoda ba ta da ƙarfi, irin wannan magani taruwa yake a jiki har ya zama guba. Saboda haka ƙwayar nan kada ta shiga bakin kowa sai na Baffa. Duk abin da ya ji a jikinsa, ko jiri ne ko kumburi, a faɗa musu, kada ya tsaya yana cewa da sauƙi don kara.

Na tura ku ne don a can za a riƙa duba shi a kai a kai, kuma wataƙila a dace. Ki karanta masa wannan takarda dukanta. Kuma ki roƙe shi ya daina kiransa maganin Ashraf, sunan ya yi mini nauyi.

Yayanki,
Ashraf

Tudun Wada, Zariya
2 ga Satumba, 2024

Yaya Ashraf,

Sallama da gaisuwa. Ya Anti Bahijja da nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, hutu ya zo amma ban huta ba, ɗinkin Mauludi na 'yan layi ya taru a kaina. Mu duk lafiya, sai mura da ta zagaye gidan ta wuce.

Na karanta wa Baba takardarka, amma ban karanta duka ba. Wurin da ka ce ba magani ba ne, da wurin guba, na tsallake. Kai ka daɗe a waje, Yaya. A nan wa yake duban tsoho majinyaci ya ce masa abin da kake sha wataƙila ba zai yi maka komai ba? Kuma ai Dakta Agatha ta yi masa duk bayanin nan da Hausa kafin ya dangwala yatsa, yana ta cewa to, to, irin ta dattawa a gaban likita.

Ga albishir. Baba yana riƙe kofin koko yanzu ba tare da ya ɓarar da rabi a riga ba. Shekaranjiya ya ce in ɗauko masa rigar nan da ya bari ba a gama ba, ya shimfiɗa ta a cinya yana shafa zaren. Bai ɗauki allura ba, amma ya nemi rigar. Na san za ka ce wataƙila sa rai ne kawai ke aiki. Ka ce abin da za ka ce, ni dai na ga Babana yana murmushi.

Baba Nagoda ma ya warware, ya dawo ciyayya, har surutunsa ya dawo. In ka ji su a zaure suna musun wanda ya fi wani karkarwa sai ka rantse yara ne.

Abu ɗaya ne ya ɗaure wa Dakta Agatha kai. Ta ce kowace ƙwaya, mai magani ko marar magani, tana da alamar da ke fita a jini, ta jikin Baba kuma ba ta kai yadda ake sa rai ba, ta tambaye ni ko yana mantawa. Na ce ba ya mantawa, ni nake ba shi ta safe da hannuna, ta Magariba kuma yana sa ta a aljihu ya fita da ita zaure ya sha bayan tuwo. Robar da muke mayar musu ma kullum babu saura.

Sai dai akwai wata 'yar magana, ban san yadda zan faɗe ta ba, uba uba ne. Ranar Laraba na leƙa zaure zan ɗauko kwano, sai na ga kamar Baba ya ɗan taɓa wa Baba Nagoda daga cikin abin nan nasa. Ban yi magana ba. Me kake gani? Ina tsoron in faɗa a cibiya su cire shi, yanzu da muka fara ganin haske.

A gaishe da yara.

Naja'atu

Penang
20 ga Satumba, 2024

Naja'atu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ku. Kin dai ji a waya Bahijja ta sauka, an samu mace. Sai da aka yi mata aiki, mun kwana biyu a asibiti, yanzu dai jiki da sauƙi. Shi ya sa takardarki ta daɗe a wayata ban zauna na amsa ba. Ki yafe ni.

Na yi murna da labarin kofin koko, Allah ya ɗorar. Ban ji daɗin tsallaken da kika yi ba, amma na fahimce ki.

Maganar Baba Nagoda kuwa, na san halin tsofaffin nan, komai sai sun ɗanɗana wa juna. In sau ɗaya ne ya ba shi, ba na jin ƙwaya guda za ta yi masa illa, kuma tun da har yau lafiyarsa ƙalau, ta riga ta fita. Ki sami Baffa cikin ladabi ki ce masa kada ya ƙara, ki ce ni na ce. Ranar da kuka koma ki ambata wa Dakta Agatha don ta rubuta. Kada ki tayar da hankalinki.

Ana kirana daga ɗakin masu jego, zan sake rubutowa in na samu sarari.

Ashraf

Tudun Wada
6 ga Oktoba, 2024

Yaya,

Barka da arziki, Allah ya raya mana ita. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a kwance yake ba.

Laifina ne da na lulluɓe maganar, kunya ta hana ni kiran abu da sunansa a kan mahaifina. Ba sau ɗaya ba ne. Tun makon da Baba Nagoda ya dawo ciyayya, ƙwayar Magariba ba ta ƙara shiga bakin Baba ba. Kullum Baba Nagoda ne yake shanye ta. Ta safe ta Baba, ta yamma tasa. Sun raba kamar yadda suke raba nama a kan tuwo.

Da takardarka ta zo na kama wurin da ka ce kada in tayar da hankalina, na bar wurin da ka ce in faɗa wa likita. Mun koma cibiya, na yi shiru. Na sami Baba na ce ka ce kada ya ƙara, ya ce to. Ni kuwa na san wannan to ɗin.

Jiya na tsare shi bayan la'asar, na durƙusa na ce, "Baba, don girman Allah, ba ka daina ba ko?"

Ya dube ni ya ce, "Naja'atu, tun ba a haife ki ba hannuna da na Nagoda suke haɗuwa a kwano ɗaya. Ranar da uwarki ta rasu shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Yau an ba ni abin da ake sa ran sauƙi a cikinsa, sai in juya masa baya in haɗiye, yana zaune yana kallona yana rawa? Wane irin mutum kike so in zama?"

Na ce, "Likita ta ce ƙodarsa ba za ta ɗauka ba."

Ya ce, "Likita takarda ta gani. Ni Nagoda na gani, kuma ya fi da kuzari."

Amma Yaya, Baba Nagoda ba lafiya. Ƙafafunsa sun kumbura, takalminsa ba ya shiga, fuskarsa ta yi suntum. Inna Ishatu ta ce fitsarinsa ya ragu ƙwarai, kuma abinci ba ya zama a cikinsa. Shi kuwa in ka tambaye shi sai ya ce ƙiba ce ta zo masa da tsufa.

In na faɗa, za a cire Baba, kuma na tona wa mahaifina asiri a gaban baƙi. In na yi shiru, ban san abin da zai sami Baba Nagoda ba. Ina jin tsoro, wallahi ina jin tsoro. Ka amsa mini da wuri.

Naja'atu

Penang
7 ga Oktoba, 2024

Naja'atu,

Na kira wayarki ba ta shiga. Duk abin da kike yi ki ajiye. Ki kai Baba Nagoda asibiti yau, ba gobe ba, ko yana so ko ba ya so. Ki tafi da robar maganin. Ki kira Dakta Agatha tun kuna hanya ki faɗa mata komai, tun yaushe aka fara da kuma sau nawa a rana. Tana da ikon buɗe sirrin ƙwayar in rai yana cikin haɗari.

E, za su cire Baffa. Ki bar wannan, ba shi ne abin dubawa yanzu ba. Kuma ki tuna akwai mutanen da ake shirin ƙara wa awo bisa jinin da rabin magani ne kawai a cikinsa.

Na karanta takardarki ta baya da rabin hankali, na ga abin da nake so in gani. Ki tashi yanzu.

Ashraf

Tudun Wada, Zariya
19 ga Oktoba, 2024

Yaya Ashraf,

Assalamu alaikum. Ya mai jego da jaririya? Na san ka ji rasuwar Baba Nagoda a waya, amma a waya ban iya ba ka labari ba, gidan cike yake da mutane.

Na yi yadda ka ce. Da ƙyar muka fitar da shi, yana ta cewa a bar shi ya yi sallar Azahar tukuna. Baba ya ce sai ya bi mu, na ce ya zauna, ya yi mini kallon da ya sa na matsa masa wuri a keken.

Dakta Agatha ta riga mu isa. Na fara bayani, sai Baba ya ɗaga mini hannu ya ce, "Bari, ni na yi, ni zan faɗa." Ya faɗa mata duka, bai rage komai ba. Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba, ta dafe kai ta ce, "Baba, ai da kun gaya mini." Ya ce, "Da na gaya miki hanawa za ki yi." Ta ce, "Ƙwarai kuwa." Daga nan ta fita tana waya.

Kafin la'asar amsa ta zo. Ƙwayar Baba ta gaske ce, ba wadda babu komai a ciki ba. Wallahi Yaya, tun a hanya nake roƙon Allah ya sa ta banzan ce, ni da na yi wata uku ina roƙon ya sa ta gasken ce.

An yi wa Baba Nagoda wankin ƙoda, ya ɗan farfaɗo, har ya tsokani ma'aikaciyar jinya wai ta canza masa baƙin mai ne ko gyaran inji gaba ɗaya. Muka sa rai. Daga baya zuciyarsa ta kasa. Ranar Lahadi da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An cire Baba daga gwajin, sun karɓi sauran ƙwayoyin, amma za su ci gaba da duba shi. An dakatar da ƙara wa rukuni na gaba awo har sai an sake lissafi ba tare da jininsa ba. Dakta Agatha ta zo ta'aziyya da kanta, ta yafa gyale ta zauna cikin mata. Na ja ta gefe na tambaye ta ko maganin ne. Ta ce ƙodarsa da ma tana kan hanya, maganin kuma ya taru a jininsa fiye da kima, ba za ta iya raba wannan da wancan ba.

Karkarwar Baba ta dawo, ta ma fi da. Amma ba ita ce damuwata ba. Ba ya cin abinci, ba ya fita zaure. Duk wanda ya zo ya ce masa kwana ne ya ƙare, sai ya ce haka ne kawai. Jiya ya kira ni ya ce, "Rubuta wa Ashraf. Shi ya san magani, kuma ba zai yi mini kara ba. Ki tambaye shi, ni na kashe Nagoda?"

Ga tambayar nan na isar. Ka rubuto masa shi da kansa. Na yi maka alkawari wannan karon ba zan tsallake ko harafi ba.

Naja'atu

Penang
22 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Baffana, Malam Kailani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙushe ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyyar ɗan'uwanka. Allah ya jiƙan Baba Nagoda, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya ba ka haƙurin rashinsa.

Baffa, kai ka riƙe ni tun ina maraya, kuma ban taɓa jin ka yi mini ƙarya don in ji daɗi ba. Ba zan yi maka ba.

Ka tambaye ni ko kai ka kashe shi. Kisa sai da nufi, kai kuwa rai ka nufa masa, wannan kowa ya sani, Allah ma ya sani. Amma in tambayarka ita ce ko ƙwayar da ka ba shi ta cuce shi, amsar ita ce e, mai yiwuwa ne ƙwarai. Ƙodarsa ta riga ta gaji, maganin ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ba. Ko da bai sha ba ciwon ƙodar zai kai shi wata rana. Ko bana ne, ko baɗi, ko bayan shekaru, ban sani ba, kuma babu likitan da zai iya gaya maka. Ina zaton ta gaggauta. Iyakar sanina ke nan.

Ba kai kaɗai ne a ciki ba. Ni na tura ku wurin, na san yadda kuke da shi, kuma ban tsaya na yi tunanin abin da za ka yi in an ɗauki ɗaya an bar ɗaya ba. Da aka ba ni labari kuma na yi sakaci da amsa.

Abin da ka yi a asibiti, da ka buɗe baki ka faɗi gaskiya, ya tsare wasu mutane da za a ƙara wa awo bisa kuskure. Ban faɗi wannan don ya share wancan ba. Na faɗa ne don shi ma gaskiya ne.

Ka ci abinci, Baffa, don Allah. Mun sa wa jaririyar sunan marigayiya Inna, mahaifiyar Naja'atu, ina so ka ɗauke ta da hannunka in mun zo.

Ɗanka,
Ashraf

Tudun Wada, Zariya
27 ga Oktoba, 2024

Yaya Ashraf,

Sallama irin ta kullum, da fatan kuna lafiya kai da iyali. Mu nan da godiya. Ruwa ya ɗauke, an fara girbi a bayan gari.

Na karanta masa duka. Da na zo wurin e ɗin nan na tsaya, ya ce, "Ci gaba." Da na gama ya ce, "Allah ya yi wa yaron nan albarka. Kowa lallashina yake yi, shi kaɗai ya ɗauke ni mutum." Ya ce in ɗauko masa hula da sanda, za shi gidan Nagoda.

Na ce me za ka yi, ai mun yi ta'aziyya. Ya ce, "Ta'aziyya daban, neman gafara daban. Matar nan tana zaune tana zaton ciwo ne kawai ya ɗauke mata miji. Haƙƙinta ne ta sani daga bakina."

Ka san tsakanin gidajen babu nisa, amma sai da muka huta a hanya. Inna Ishatu tana cikin takaba, saboda haka aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan labule, ni ina gefe. Suka gaisa. Sannan ya fara, tun daga ranar da aka dawo da mijinta daga cibiya har zuwa abin da ka rubuto. Hannunsa yana ta bugun gwiwarsa, ya kama shi da ɗayan, duka biyun suka ci gaba da rawa. Ya ƙare da cewa, "Ishatu, da hannuna na ba shi. In za ki iya, ki yafe mini. In ba za ki iya ba, ban ga laifinki ba."

Can sai muka ji muryarta.

Ta ce, "Malam, wai kana zaton ban sani ba? Ba a zaure yake sha ba ai. Shigo da ita yake yi a hannu, ya ce in ba shi ruwa. Ni nake ɗebo ruwan, ni nake riƙe masa kofin don kada ya zubar."

Baba ya ɗago kai.

Ta ce, "Ya gaya mini abin da likita ta ce a kan ƙodarsa, tun ranar farko. Na ce masa to ka bari mana. Ya ce, Ishatu, kwana ukun nan da na yi a ɗaki na riga na mutu, Kailani ne ya tashe ni, ki bar ni in sa rai kamar kowa. Da ƙafarsa ta fara kumbura ni na fara gani, shi ya hana ni faɗa, wai kada a kori amininsa daga magani. Ni kuma na bi shi." Sannan ta ce, "Ba ni da abin da zan yafe maka, Malam. In akwai kaya, ba kai kaɗai za ka ɗauka ba. Ka rage mini nawa."

Yaya, ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar rasuwar Innarmu. Ranar na gani. Yana kuka a waje, tana kuka a ciki, ni ban san wanda zan ba haƙuri ba, sai na zauna na taya su.

Da za mu tafi ya kasa miƙewa, sai da na ɗaga shi. Mun kai ƙofar gida ya tsaya, ya juya ya ce in koma in tambaye ta ko ta ci wani abu yau. Na koma na tambaya. Ta ce a'a, shi fa? Na ce shi ma a'a.

Ta ce, "To je ki ce masa in ya ci zan ci."

Ƙanwarka,
Naja'atu